Zazzaɓin aladu: annobar da ke cin tarar mai faɗin gaskiya

A farkon daminar 2007 aladu suka fara mutuwa a ƙauyukan da ke kewaye da Poti, wani gari mai tashar jiragen ruwa a bakin tekun Bahar Aswad, cikin ƙasar Jojiya. A can ma, kamar yadda ake yi wa awaki a ƙauyukanmu, sakin aladu ake yi su nemi abincinsu, su bi juji su bi bola. Da fari likitocin dabbobi sun ɗauka wata cuta ce daban. Kafin a kai jinin gwaji cibiyar bincike ta Pirbright a Ingila, amsa ta dawo a watan Yuni, cuta ta riga ta game ƙasa. Amsar kuwa ita ce zazzaɓin aladu na Afirka, kuma nau'in ƙwayar da aka samu dangin wanda ke yawo ne a Mozambik da Madagaska. Abin da masana suka fi kyautata zato shi ne wani jirgin ruwa ya zubar da ragowar abincin ma'aikatansa a tashar, da guntun nama a ciki, aladu suka ci.

Daga wannan bola cutar ta shiga Armeniya da Rasha, ta isa Yukren a 2012, ta shiga Tarayyar Turai ta Lituwaniya da Folan a farkon 2014. Ranar 3 ga Agustan 2018 aka tabbatar da ita a birnin Shenyang na ƙasar Sin, ƙasar da ke riƙe da kusan rabin aladun duniya. Shekara guda da 'yan watanni bayan haka, alƙaluman gwamnatin Sin da kanta suka nuna garken ƙasar ya ragu da kimanin kashi 40 cikin ɗari, farashin nama ya ninka har ya wuce.

Na san mai karatu na iya cewa, to mu ina ruwanmu da alade? Akasarinmu ba ma ci, ba ma kiwo, sunansa ma zagi ne a bakin wasu. Amma duk wanda ya taɓa ratsa Katsit, kusa da Kafanchan, ranar Alhamis, ya san akwai babbar kasuwar aladu da ake ciniki a cikinta da Hausa, ana loda motoci zuwa kudu. A kudancin Kaduna da Filato da Binuwai da Adamawa da arewacin Kamaru, alade shi ne asusun gidaje da yawa. Sannan hukumomin da ke fafatawa da wannan cuta, da dokokinsu, da ɗakunan gwajinsu, su ne dai ke gadin shanunmu da kajinmu. Inda suka yi rauni a kan alade, nan za su yi rauni gobe a kan saniya.

Kada kuma a haɗa ta da murar aladu da ta tayar wa duniya hankali a 2009. Waccan mura ce, mutane take kamawa. Wannan ba ta kama mutum ko kaɗan, ba ta kama saniya ko akuya. Alade kaɗai take nema, na gida da na daji, idan kuma ta same shi da ƙarfinta ba ta bari. Jiki ya yi zafi, dabba ta ƙi abinci ta kwanta, kunnuwa da ciki su yi ja su koma shuɗi-shuɗi, wani lokaci da amai da zawon jini. Cikin mako guda ko biyu garke ya ƙare. Idan aka feɗe, sai a tarar saifa ta kumbura ta yi baƙi. Babu magani.

Wani likitan dabbobi Bature, Eustace Montgomery, shi ya fara bayyana ta a rubuce a 1921, a Kenya, bayan aladun da Turawan mulkin mallaka suka shigo da su sun yi ta mutuwa. Asalinta na daji ne. Gadu, wanda wasu ke kira mugun dawa, yana ɗauke da ƙwayar ba tare da ta dame shi ba, akwai kuma wata kaska mai laushin jiki da ke zaune a raminsa, tana tsotsar jinin 'ya'yansa tana mayar musu da cutar. Sun daɗe da sabawa da juna. Aladen gida ne baƙo a wannan zama, shi ya sa shi ke mutuwa.

Sai dai gadu bai taɓa zuwa Jojiya ba, kaska kuma ba ta da fasfo. Abin da ya sa cutar ta zama ta duniya shi ne taurin ran ƙwayar. Tana yin watanni a cikin naman da aka kyafe ko aka sa wa gishiri aka shanya, tana yin shekaru a cikin daskararren nama. Sai an dafa nama ya kai zafin digiri 70 na rabin awa kafin a tabbata ta mutu. Tana bin takalmi, da tayar mota, da wuƙar mahauci, da buhun dusa. A 1957 ta fara fita daga Afirka, ta sauka a Lisbon, babban birnin Fotugal, kuma ana danganta hakan da ragowar abincin jirgin sama daga Angola da aka ba aladu. A Satumban 2018 ta ɓulla a dajin kudancin Beljiyam, ɗaruruwan kilomitoci daga wuri mafi kusa da ke da ita. Babu aladen dajin da zai yi wannan tafiya da zazzaɓi a jikinsa. Mutum ne ya kai ta, mai yiwuwa a cikin guntun burodi da nama da aka yar a gefen hanya.

To, wa ke da alhakin tare ta? A takarda, tsarin yana da kyau. Akwai Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya da ke Paris, wadda aka sani da OIE kafin a mayar da ita WOAH a 2022. Ciwon bushiya ne ya haife ta: a 1920 wasu shanu da aka ɗauko daga Indiya za a kai Birazil suka yada zango a tashar Antwerp, suka bar wa Beljiyam cutar, sai ƙasashe 28 suka haɗu suka kafa hukumar a 1924. Yau mambobinta sun haura 180, kuma kowace ƙasa ta yi alkawarin sanar da ɓullar irin wannan cuta cikin awa 24 da tabbatar da ita. Akwai kuma hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, da ke Rum. Su biyun sun kafa wani tsarin haɗin gwiwa kan cututtukan dabbobi masu tsallaka iyaka a 2004, suka kafa kwamitin ƙwararru na Turai a 2014, na Asiya a 2019, sannan a Yulin 2020 suka ƙaddamar da shirin duniya na shawo kan zazzaɓin aladu.

Waɗannan hukumomi sun taɓa cin babbar nasara, kuma da mu aka ci ta. Gangamin allurar bushiya na haɗin gwiwa ya fara ne a 1962 a yankin tafkin Chadi, tsakanin Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, kuma a 2011 aka shelanta cewa bushiya ta ƙare a duniya. Amma bushiya tana da allurar da ake yi wa saniya sau ɗaya ta wadatar har ta mutu. Malamin dabbobi ya zo ruga da abin da makiyayi ke so. A zazzaɓin aladu, abin da malamin dabbobi ke zuwa da shi shi ne umarnin a kashe garke duka, masu ciwo da masu lafiya, a binne, a rufe kasuwa. A nan ne, a ganina, matsalar take, kuma ta fi ƙarfin taron ƙwararru.

Dubi abin da ya sami Jamus. Ranar 10 ga Satumban 2020 ta sanar cewa an tsinci mushen aladen daji guda ɗaya mai cutar a jihar Brandenburg, dab da iyakar Folan. Ba a gona ba, a daji. Cikin kwana biyu Sin ta haramta shigo da naman alade daga Jamus baki ɗaya, Koriya ta Kudu da Jafan ma suka rufe ƙofa. Manomin da ke yammacin Jamus, kilomita ɗaruruwa daga wurin, ya wayi gari farashin dabbarsa ya faɗi. Jamus ta cika alkawarin awa 24, ladan da ta samu ke nan. Kowace gwamnati a duniya ta ga abin da ya faru, ta kuma ɗauki darasinta. A Tailan manoma sun yi watanni suna kukan mutuwar aladu, nama yana tsada, hukuma tana cewa ba ita ba ce, sai a Janairun 2022 aka amsa. Hukumar Paris ba ta da 'yan sanda. Abin da ƙasa ta faɗa mata shi take rubutawa.

An yi ƙoƙarin toshe wannan ɓaraka da abin da ake kira tsarin shiyya: idan cuta ta ɓulla a yanki ɗaya, a killace shi, sauran ƙasar ta ci gaba da ciniki. Tarayyar Turai na aiki da shi a tsakanin mambobinta, shi ya sa naman Jamus ya ci gaba da shiga Italiya da Holan. Amma ba dole ne ƙasar waje ta yarda ba. Lokacin da Rasha ta rufe ƙofarta ga naman alade na Tarayyar Turai duka a farkon 2014 saboda 'yan aladun daji a Lituwaniya, sai da aka kai ƙara Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Turai ta yi nasara a 2016, aka ɗaukaka ƙara ta sake yin nasara a 2017, amma a lokacin takunkumin rikicin Yukren ya riga ya rufe kasuwar ta wata ƙofar. Faransa ta yi wayo, ta ƙulla yarjejeniyar shiyya da Sin a Disamban 2021 tun cutar ba ta iso mata ba. Ƙasa mai ƙarfin diflomasiyya ke samun irin wannan. Ƙaramar ƙasa sai dai ta zaɓa tsakanin gaskiya da kasuwa.

Abin da ke faruwa tsakanin gwamnatoci shi ke faruwa a bayan gida, kuma a nan ya fi ciwo. A ɗauki mace mai aladu huɗu a wani ƙauye, ta tara su don kuɗin makarantar yara. Da safe ta ga ɗaya ya ƙi dusa, kunnensa ya yi ja, ta kuma ji na maƙwabta sun fara mutuwa. Idan ta kai rahoto, ko dai ba wanda zai zo, ko a zo a kashe huɗun a ce ta jira diyya. Idan ta kira dillali yau, zai karya farashi amma zai ba ta wani abu a hannu. Wace za ta zaɓa? Dillali ya loda su a mota tare da na wasu ƙauyuka, a sauke a kasuwa, wanda bai sayu ba a komar da shi gida, mahauci ya yanka mai ciwon ya wanke wuƙa a kwata. Ba jahilci ba ne, lissafi ne, kuma lissafinta daidai yake. Takardun wayar da kai da ake bugawa da harsuna barkatai ba sa canza wannan lissafi.

Mu ma mun ɗanɗana. Lokacin da murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta ɓulla a jihar Kaduna a Fabrairun 2006, karo na farko a Afirka, diyyar da aka fara sanarwa naira 250 ce kan kowace kaza, ƙasa da kuɗinta a kasuwa, kuma masu kaji da dama sun gwammace su sayar kafin jami'ai su iso. A Sin an yanka diyyar yuwan 1,200 kan kowane alade, amma wani kaso daga aljihun ƙananan hukumomi zai fito, don haka jami'in gunduma ba ya ɗokin tabbatar da cuta a yankinsa. Shi ya sa alƙaluman suka ƙi haɗuwa: aladun da aka ce an kashe a hukumance ba su wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba, alhali garken da ya haura miliyan 400 ya zube da kashi 40. A Najeriya, inda cutar ta zauna tun 1997, ɓarkewar 2020 a rukunin gonakin Oke-Aro da ke tsakanin Legas da Ogun ta ci aladu kimanin 300,000 a faɗin manoman wurin, daidai lokacin da korona ta ɗauke hankalin kowa.

Wanda ke son ganin abin da taimakon ƙasa da ƙasa ke iya yi idan tsoron mai ƙarfi ne ke tuƙa shi, ya karanta labarin Haiti. Cutar ta shiga Jamhuriyar Dominika a 1978, ta tsallaka Haiti, tsibirinsu ɗaya. Amurka ta ga gobara a gemun maƙwabci. Ita da Kanada da Meziko suka zuba kuɗi, aka tsara shiri, a tsakanin 1982 da 1983 aka bi ƙauye-ƙauye aka kashe kusan duk wani alade da ke ƙasar. Aladen Haiti ɗan ƙarami ne baƙi, mai jure wahala, yana cin ɓawon ayaba da abin da ya samu. Shi ne bankin talaka: da shi ake biyan makaranta, da shi ake biki, da shi ake jana'iza. A madadinsa aka kawo manyan fararen aladu daga Amurka, masu buƙatar ruwa mai tsabta da abincin kanti da daɓen siminti, a ƙasar da mai aladen kansa ba shi da waɗannan. Mutanen karkara suka laƙaba musu suna 'ya'yan sarki masu ƙafa huɗu. Ta fuskar likitanci shirin ya yi nasara, cutar ta tafi, nahiyar Amurka ta tsira kusan shekara arba'in. Ta fuskar manomin Haiti kuwa, an rushe masa rumbu don kada wuta ta kai gidan attajiri. A Yulin 2021 cutar ta dawo Dominika, a Satumba ta dawo Haiti, kuma duk jami'in da zai je ƙauye ya ce a kawo rahoton alade mai ciwo, jikokin waɗancan mutane zai tarar.

Ba wai ba a taɓa korar ta da mutunci ba. Sifaniya ta zauna da ita daga 1960 har 1995. Abin da ya juya al'amarin shi ne shirin da aka fara a 1985 da tallafin kuɗin Turai: ayarin likitoci masu yawo gona-gona suna ɗibar jini, diyya mai tsoka da ake biya da wuri, da gyara ko rushe tsofaffin garkunan da kaska ta yi gida a bangonsu. Ba allura, shekara goma. Tsibirin Sardiniya na Italiya ya ɗauke ta a 1978, bai rabu da ita ba sai 2024. Jamhuriyar Cek ta gamu da ita a aladun daji a yankin Zlin a 2017, ta kewaye wurin da shinge, ta hana maharba shiga don kada su tarwatsa dabbobin, ta biya lada ga duk wanda ya nuna mushe, daga baya ta sa gwanayen harbi na 'yan sanda suka ƙarasa sauran. Beljiyam ta bi wannan sawu, ta fita a ƙarshen 2020. Abin lura, a duk wuraren nan wanda ya kawo labari samu yake yi, ba asara ba. Amma an gudu ba a tsira ba: cutar ta sake shiga Cek ta iyakar Folan a ƙarshen 2022, ta kuma sake ɓulla a Sifaniya, a aladun daji kusa da Barcelona, a ƙarshen 2025.

Denmak kuwa shingen ƙarfe ta ja mai tsawon kilomita 70 a iyakarta da Jamus, ta gama a 2019. Masu suka sun ce aladen daji ya iya iyo, kuma shinge ba ya tare direban babbar mota da guzurinsa.

Kowa na jiran allura, kuma jiran ya kai shekara sittin. Ƙwayar babba ce, tana da sinadaran gina jiki sama da 150, tana kuma ɓuya ne a cikin ƙwayoyin jinin da aikinsu shi ne kashe cuta. Allurar da aka yi da matacciyar ƙwaya ba ta kare komai. Wadda ke aiki ita ce mai rai da aka raunana, ita kuma wasa da wuta ce. Fotugal ta gwada a farkon shekarun 1960, aka yi wa aladu kimanin rabin miliyan, fiye da dubu ɗari suka kamu da ciwon huhu da kumburin gaɓoɓi da gyambo. Gyaran gangar Auzinawa. A Sin, bayan 2018, allurai na bayan fage sun yi yawo a gonaki, aka kuma samu nau'o'in cutar masu sanyi da ke yaɗuwa a ɓoye, masu wuyar ganewa. Biyetnam, wadda ta kashe aladu kusan miliyan shida a 2019, ita ce ta fara ba da lasisi, da wata ƙwaya da masu binciken ma'aikatar gona ta Amurka suka cire wa wani sashe. A 2022 aka dakatar da aikin na ɗan lokaci bayan ɗaruruwan aladun da aka yi wa sun mutu, a Yulin 2023 aka amince da allurai biyu don sayarwa. Sai a Mayun 2025 hukumar Paris ta amince da ma'aunin da allurar wannan cuta za ta cika, wato allurar ta riga dokarta isa kasuwa.

Ko ta yi kyau, ga tambayar da ta shafe mu. An san nau'o'in wannan ƙwaya 24, dukkansu a Afirka. Wanda ya fita ta Jojiya shi ne na biyu, kuma a kansa kuɗin bincike ya taru, domin shi ne ya taɓa Sin da Turai. Allurar da ta kare daga wani nau'in ba lalle ta kare daga wani ba. Cibiyar binciken dabbobi ta ILRI a Nairobi na aiki kan nau'in gabashin Afirka, cibiyar Vom kusa da Jos na gwajin jini, kuma tun 2017 akwai dabarar nahiya da ofishin dabbobi na Tarayyar Afirka ya tsara tare da FAO. Amma cutar ta yi kusan ƙarni tana cin aladun Afirka, ta ci na Kamaru a 1982, na Kodebuwa a 1996, na Gana a 1999, shirin duniya bai zo ba sai shekara biyu bayan Shenyang.

A halin yanzu maganin da ya rage shi ne katanga da tsabta, kuma wannan magani na mai kuɗi ne. Sin ta hana ba aladu ragowar abinci, ta mayar da garkenta cikin 'yan shekaru, amma ba a hannun waɗanda suka rasa shi ba. Ƙananan masu kiwo da yawa sun fita daga sana'ar, manyan kamfanoni suka maye gurbinsu. A Ezhou, lardin Hubei, an gina wa aladu bene mai hawa 26 da aka fara aiki da shi a 2022. Ana hawa da dabbobi a lif, abinci na zuwa ta bututu, ma'aikaci sai ya yi wanka an gwada shi kafin ya shiga, kuma ba ya fita sai ranar hutunsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga, su kuwa sun gina bangon da ba ya tsagewa da sauƙi. Mai aladu huɗu ba ta da kuɗin bulo, dalilin da ya sa take sakinsu ke nan tun farko, kuma idan ta kulle su sai ta sayi abin da za su ci. Ranar Laraba da yamma dillali zai biyo ta ƙofar gidanta, gobe kasuwa.